Paul Robeson: gwarzon baƙar fata ne ko ɗan amshin shata?

Abba Fagge: Salam jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke raina ko da admin zai cire ni. Malam Habu ya dame mu da waƙoƙin Paul Robeson yana cewa wai a duk 'yan fim da mawaƙan Amurka na da babu wanda ya yi wa Afirka hidima kamarsa, to ku je ku kalli Sanders of the River na 1935 ku dawo mu yi magana. Labarin a Najeriya aka ce ya faru, Baturen mulki Sanders shi ne uban kowa, shi kuwa Robeson an ɗaura masa fatar damisa ya fito a Bosambo, sarkin da Baturen ya ɗaure wa gindi, yana tuƙa kwalekwale ana rera waƙar yabon Bature. Mutumin da ya karɓi kuɗi ya nuna mu a haka, daga baya kuma ya koma yabon Stalin shugaban Tarayyar Sobiyet, ni a wajena ubangida kawai ya canza.

Malam Habu: Wa alaikassalam Abba. Ka kalli fim ɗaya ka yanke wa mutum hukuncin shekara 77. Ka san ko ɗan waye? Ubansa bawa ne a North Carolina, ya gudu a 1860 yana ɗan shekara 15, daga baya ya yi karatu ya zama fasto. Shi Paul an haife shi 1898 a Princeton, uwarsa ta rasu a gobara yana ƙarami, ya shiga jami'ar Rutgers a 1915 shi ne baƙar fata na uku da ya taɓa shiga, ya yi fice a ƙwallon Amurka har sau biyu ana saka shi cikin zaratan ƙasar, shi ya yi jawabin bankwana na ajinsu, ya wuce Columbia ya gama lauya a 1923. Aikin lauyan ma barinsa ya yi saboda wata sakatariya ta ce ba za ta rubuta abin da baƙi ya faɗa mata ba. Irin wannan mutumin ne zai sayar da kai?

Abba Fagge: Malam tarihin nan duk na yarda, amma ba ka taɓa fim ɗin ba tukuna

Malam Habu: Ina zuwa. Darakta Zoltan Korda ya je Afirka ya ɗauko raye-raye da kiɗe-kiɗe na gaske, su aka nuna wa Robeson, shi kuma a lokacin yana Landan ya shiga makarantar SOAS yana koyon Swahili, ya zaci an samu fim ɗin da zai nuna Afirka da mutunci. Nasa wasan a Ingila aka ɗauka. Da aka je wajen tacewa sai aka juya abin ya koma kirarin mulkin mallaka tun daga rubutun da ake buɗe fim ɗin da shi, da ya gani ya fito fili ya barranta kansa. Ku tambayi duk wanda ya taɓa aiki a Kannywood, jarumi sin ɗinsa kawai ya sani, furodusa da edita su ke da wuƙa da nama. Kuma Jomo Kenyatta ma yana cikin 'yan rakiyar fim ɗin, shi ma ya sayar da Kenya kenan?

Sadik Lauya: Malam Habu da girmanka amma wannan uzurin bai gamsar da ni ba. Kenyatta ɗalibi ne mai neman na abinci a Landan, ba sunansa aka rubuta a fasta ba. Robeson kuwa tauraro ne, tun 1928 yake cika gidan wasa a Landan da Show Boat, 1930 ya yi Othello a can. Kuma fim ɗin daga labaran Edgar Wallace aka ɗauko shi, littattafan suna kasuwa shekara da shekaru kowa ya san abin da ke ciki. Lauyan Columbia bai karanta ba kafin ya sa hannu? In ma mun ce an yaudare shi, to 1937 fa da ya sake fitowa a King Solomon's Mines? Mumini ai ba a saransa sau biyu a rami ɗaya.

Abba Fagge: Yawwa Barista, faɗa musu. Afirkar ma da ake ta cewa, Masar ya taka lokacin ɗaukar fim ɗin Jericho a 1937, matarsa Eslanda ce ta zagaya Afirka ta Kudu da Uganda a 1936

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna magana kamar an baza masa rol iri-iri ne ya zaɓi mummunan. A Hollywood ta wancan lokacin baƙi ko dai boyi ko kuku ko wawan da ake wa dariya, shi ya sa ma ya fi yin finafinansa a Ingila yana ganin can da ɗan dama-dama. Yana ta gwadawa ne, wani ya faɗi wani ya tashi. The Proud Valley na 1940 da ya fito a ma'aikacin ramin kwal cikin mutanen Wales ai babu wanda zai ce an wulaƙanta baƙi a ciki. Da ya yi Tales of Manhattan a 1942 ya ga an sake maimaita masa tsohon abin sai ya ce ya bar fim, kuma ya bari ɗin, lokacin da yake tashe ana rububinsa. Nawa ne a cikin jaruman yau za su iya ajiye irin wannan kuɗin? Shekarar da ta biyo baya ya hau Othello a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan New York, aka yi wasa 296, har yau babu wasan Shakespeare da ya kai haka a can.

Baba Tanko: Yara kuna ta siyasa kun manta da muryar. Ku saka abin kunne ku ji Ol' Man River, wallahi ƙirjinka za ka ji yana rawa. Kuma ku lura yadda ya rera a fim ɗin Show Boat na 1936 daban da yadda ya riƙa rerawa a dandali daga baya, inda marubucin ya sa mai waƙar yana cewa ya gaji da rayuwa shi sai ya mayar da ita zai ci gaba da gwagwarmaya har ya mutu. Ɗan amshin shata ba ya canza wa mai waƙa baiti.

Sadik Lauya: Baba Allah ya ƙara girma, murya kam ba mai ja. Amma mu bar fim, ni inda na fi tsayawa shi ne Rasha. Ya fara zuwa Mosko a ƙarshen 1934, ya ce a nan ya fara jin ana kallonsa a matsayin cikakken mutum, na fahimci wannan. To a 1949 ya koma, ya nemi ganin abokinsa Itzik Feffer, marubucin waƙa Bayahude, ashe yana tsare, aka fito da shi aka kawo masa otal. Ɗan Robeson da kansa ya ba da labarin cewa Feffer da alamun hannu da rubutu a takarda ya sanar da shi an kashe abokinsu Mikhoels, ɗan wasa Bayahude, kuma shi ma yana hanya. Robeson ya dawo Amurka ya ce wa 'yan jarida bai ga ana ƙuntata wa Yahudawa ba. An kashe Feffer a 1952, a shekarar aka ba Robeson lambar zaman lafiya ta Stalin, 1953 Stalin ya mutu ya rubuta masa ta'aziyya ta yabo. Ko bayan Khrushchev, shugaban da ya biyo baya, ya fasa ƙwai kan ta'asar Stalin a 1956 bai fito ya yi tir ba. Wannan wane edita ne ya yi masa?

Maman Ilham: Barista ka tsallake wani abu, a wannan zuwan a dandali a Mosko ya ambaci sunan Feffer da Mikhoels a gaban jama'a sannan ya rera waƙar Yahudawan da suka yi tirjiya wa Hitler da yarensu

Sadik Lauya: Hajiya ya rera a Mosko, ya yi shiru a New York inda maganarsa za ta fi amfani

Malam Habu: Nan kam ba zan wanke shi tas ba, shirun ya yi muni. Amma ka duba ƙasar da ya dawo ciki. A 1946 ya je har gaban shugaba Truman yana roƙon a yi dokar hana rataye baƙaƙe da gungun fararen fata ke yi, aka ce masa ba lokacinta ba ne. A 1949 ɗin da kake magana, bayan jaridu sun murɗe jawabin da ya yi a Paris, aka kai wa taron waƙarsa hari a Peekskill ta jihar New York, karo na farko aka hana, karo na biyu ya yi waƙar mutane sun yi masa zobe suna kare shi, da aka tashi gungun suka tsaya bakin hanya suna ruwan duwatsu kan motoci da bas-bas 'yan sanda na kallo, sama da mutum 100 suka ji rauni. Mutumin da ke cikin wannan halin a ganinsa duk kalmar da ya faɗa kan Rasha makami ce ya miƙa wa masu jifansa. Ban ce daidai ne ba, na ce ba kwaɗayi ba ne. Ɗan amshin shata ai lada yake nema, shi me ya samu? 1950 aka ƙwace fasfonsa, gidajen waƙa suka rufe masa ƙofa, aka daina sa faifansa a rediyo, har sunansa aka goge daga jerin zaratan ƙwallo. Da ma ya sa hannu a takarda ɗaya cewa shi ba ɗan kwaminis ba ne da an mayar masa, ya ƙi.

Baba Tanko: A 1952 kan bayan babbar mota ya tsaya a bakin iyakar Amurka da Kanada ya yi wa dubban mutane waƙa tunda an hana shi tsallakawa. 1957 kuma ta wayar tarho ya yi wa masu haƙar kwal na Wales waƙa daga New York, suna zaune a zaure suna jin sa ta lasifika. Sai 1958 kotun ƙoli ta yanke hukunci aka ba shi fasfo yana ɗan shekara 60.

Abba Fagge: To amma ai shi ya jawo wa kansa Baba, da ya kama bakinsa kamar sauran da yana cin arziƙinsa

Maman Ilham: Haba Abba, ɗazu ka ce laifinsa kwaɗayi yanzu kuma laifinsa bai yi kwaɗayin ba? Tsaya a ɗaya mana. Kuma maganar Afirka, ɗaya daga dalilan da gwamnatin Amurka ta bayar na riƙe fasfon shi ne yana yawan magana kan 'yancin ƙasashen Afirka. Shi ya shugabanci Council on African Affairs da aka kafa 1937, suna tara kuɗi suna tura wa masu yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu tun kafin duniya ta san Mandela. Da kwamitin majalisa ya tambaye shi a 1956 me ya sa bai zauna a Rasha ba ya ce saboda ubansa bawa ne, mutanensa sun mutu wajen gina ƙasar nan, don haka yana nan daram.

Sadik Lauya: Duk wannan gaskiya ne Hajiya, shi ya sa ban bi Abba kan kalmar ɗan amshin shata ba, wanda ya yi asarar komai ba za a kira shi haka ba. Amma ni ma ba zan bi Malam Habu kan gwarzo marar tabo ba. Ya ga zalunci a gida ya yi ihu, ya gan shi a gidan abokinsa ya kau da kai, kuma ya rayu har 1976 bai janye yabon ba.

Malam Habu: Shekarun ƙarshen ai ba shi da lafiya Barista, tun 1961 da ya kwanta a Mosko aka wuce da shi asibiti a Landan bai sake komawa daidai ba, ya dawo gida ƙarshen 1963, matar ta rasu 1965, ya ƙare a gidan yayarsa a Philadelphia ba ya hira da kowa

Sadik Lauya: Daga 1956 zuwa 1961 shekara 5 ce Malam, har littafi ya rubuta a ciki ya zagaya Turai da Ostireliya

Abba Fagge: Malam Habu turo min The Proud Valley ɗin in akwai mai ƙaramin MB, data ta kusa ƙarewa. Amma tambayar Barista tana nan fa, ba ka amsa ba.