Wace takarda zan nema wurin mai gina suwimin pul?

Ɗan Birnin Kebbi: Salam yan uwa. Kawuna na gina ƙaramin otal a hanyar Argungu, yana son a sa mai wurin ninkaya, wani ɗan kwangila ya zo yana ta nuna hotuna a waya wai shi ƙwararre ne, na ce ina takardunka sai ya fara kame-kame. Wai mi doka ta ce ne a kan irin aikinga?

Injiniyan Jega: Waalaikumussalam. Farko ya nuna rajistar kamfaninshi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Zanen kankaren kuma injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da injiniyoyi, ya kamata ya sa ma hannu da hatimi, magini kuma CORBON ke ba su rajista. Kada a haƙa ko taku ɗaya sai kun karɓi izinin gini daga KUDA, hukumar raya birane ta Kebbi. A Amurka ma jihar Kalifoniya lasisi daban gare su na wannan sana'a, C-53 ake ce mai.

Hajiyar Yauri: Ɗana ni dai wutar nake tsoro, famfo da fitilun cikin ruwa, a samo mai satifiket ɗin NEMSA, hukumar duba aikin lantarki, ya yi wayarin. Namu da aka yi bara wata ukku ya fara yoyo, tayil na ɓallewa, mutumin ya kashe waya, kuma ba mu rubuta komi ba wallahi sai haƙuri.

Injiniyan Jega: Hajiya shi yasa ake zuwa wurin lauya, a rubuta garanti, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an cika ruwa an ga bai raguwa.

Ɗan Birnin Kebbi: Na gode, gobe zan kira shi ya zo da takardun mu gani.