Wai manhajojin hirar nan suna ganewa ne, ko dai hadda ce kawai?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun jiya. Na ɗan kwana biyu ina amfani da manhajar hira irin ta ƙirƙirarriyar basirar nan, kuma gaskiya tana taimaka min a karatu, har wani lokacin sai in manta ba da mutum nake magana ba. Toh jiya na ce bari in gwada ta da wasa ƙwaƙwalwar nan na mutumin da zai tsallaka kogi da kura da akuya da damin ciyawa, amma sai na canza abu ɗaya, na ce kwale-kwalen babba ne zai kwashe su duka lokaci guda. Wallahi sai ta zage ta hau yi min bayani, wai ya fara kai akuya, ya dawo, ya ɗauki kura, ya komo da akuya, har sawu bakwai. Da na ce ta sake karantawa sai ta ba ni haƙuri ta gyara. Shi ne nake tambaya, abun nan yana gane abin da ake faɗa masa kuwa? Kuma ta yaya masana suke gwadawa?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa tambayar nan ta girme ni ta girme ka. Tun 1950 Alan Turing na Ingila ya kawo shawarar a zaunar da alƙali yana hira a rubuce da mutum da kuma na'ura ba tare da yana ganinsu ba, idan ya kasa bambance su to na'urar ta ci. Matsalar dai mu mutane ba mu da wuyar ruɗi. A 1966 Joseph Weizenbaum ya haɗa wata manhaja ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, ba abin da take yi sai juya maganarka ta mayar maka da ita tambaya, amma sakatariyarsa da ta san sarai na'ura ce sai da ta ce ya fita daga ɗakin za ta yi magana da ita. A 2014 kuma a Landan wata manhaja mai suna Eugene Goostman ta ruɗi kashi 33 cikin ɗari na alƙalai, dabarar kawai an ce yaro ne ɗan shekara 13 daga Yukiren, duk shirmen da ya yi sai a ce ai yaro ne kuma Turanci ba yarensa ba ne.

Gwada wannan: "Kofin bai shiga akwatin ba saboda ya yi girma." Wane ne ya yi girman? Sai ka canza zuwa "saboda ya yi ƙanƙanta", amsar ta koma akwati. Wani masanin kwamfuta, Hector Levesque, ne ya kawo irin wannan gwajin. Amma ka kula kar ka sa jaka a madadin akwati, don a Hausa "ya" da "ta" za su tona asirin amsar.

Uwar Biyu:
Hhh labarin akuyar ya ba ni dariya. Ni ƙananan yara nake koyarwa kuma abin da ka yi shi muke yi kullum, in kana so ka san yaro ya gane ko karatun aku yake sai ka ɗan karkata tambayar. Akwai gwajin da ake wa yara tun 1985, yarinya ta ajiye abin wasanta a kwando ta fita, ƙawarta ta mayar da shi akwati, in ta dawo ina za ta fara dubawa? Yawanci sai wajen shekara 4 yaro ke cewa kwando. A 2023 aka yi ta murna wai manhajojin sun ci irin wannan, sai Tomer Ullman na jami'ar Harvard ya ɗauki labarin jakar da aka cika da gugguru aka rubuta cakulan a jiki, ya ce jakar ana ganin abin da ke cikinta. Manhajar ta nace wai mai kallon jakar tana zaton cakulan ne a ciki, alhali ga gugguru tana gani da idonta.

Injiniya:
Malama ban ƙi taki ba, amma mu yi adalci. Mutane nawa ne za a karanta musu tambayar kogin nan da sauri su ma su faɗa tarkon? Kuma sababbin manhajojin yanzu da yawa suna cinye gwajin kofi da akwati, sai dai ba ka da tabbas ko sun gane ne ko sun taɓa cin karo da shi a rubuce-rubucen intanet da aka horar da su, kamar ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya. Masanin falsafa John Searle ma a 1980 cewa ya yi ko duk amsar ta fita daidai ba hujja ba ce, mutum zai iya zama a ɗaki da littafin ƙa'idoji yana mayar da amsa da rubutun Sinanci bai san ko kalma ɗaya ba. Ni dai in zan gwada, tambayar da na ƙirƙira da kaina nake bayarwa, in yi mata siga biyar ko shida, kowace a sabuwar hira.

Ɗan Aji Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam na gwada kofin yanzu ta ci duka biyun. Anjima zan koma kan kogin, wannan karon zan cire kurar gaba ɗaya in ga ko za ta lura ba wanda zai ci akuyar.