Layin GPS ya ƙi hawa kan hanya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan ni da ƙanena muna zaga lungunan Mai Wurno a ƙafa, muna ɗaukar layin GPS (sawun hanyar da muka bi) da OsmAnd, manhajar taswira ta waya, don mu saka unguwarmu a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya gyarawa. Da na buɗe fayil ɗin GPX (wanda ke ɗauke da layin) a JOSM, manhajar gyara taswirar a kwamfuta, sai na ga layin ya goce daga hoton tauraron ɗan'adam, har hanyar bakin kogi ta faɗa cikin ruwa! Na bar hoton tauraron ɗan'adam na Bing na koma na kamfanin Esri, gocewar ta ragu amma tana nan. To wa zan gaskata, wayar ko hoton? In ja hoton ya hau layin, ko sai mun sake takawa? Yaron dai ya fara ƙunƙuni. Don Allah a taimaka.