Ƙaramar kwaleji ko babbar jami'a a Amurka: wacce ta fi gyara ɗalibi?

Malamar rubutu: Tun shekarar farko ake ganin bambancin. A jami'a irin Ohio State, mai ɗalibai wajen 60,000, darasin sinadarai na 'yan aji ɗaya a babban zaure ake yinsa, mutum ɗaruruwa. Farfesa ya gama lacca ya fita, masu duba aiki kuwa ɗaliban digiri na biyu da na uku ne. Ƙaramar kwalejin Williams kuwa ɗalibanta kusan 2,000 ne, kuma tana da darasin da ɗalibai biyu kacal ke zama da farfesa duk mako: ɗaya ya rubuto maƙala, ɗayan ya yi mata suka, mako mai zuwa su sauya. A nan babu wurin ɓuya. Yaron da ya saba da haddar takardun malami zai sha wuya a zangon farko, amma zai fita ya iya kare hujja.

Injiniya: Malama, gaskiyarki, sai dai a bar injiniyanci a gefe. Yawancin ƙananan kwalejojin nan ba su da sashen. Swarthmore da Harvey Mudd da Smith suna da shi, da amincewar ABET, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan injiniyanci, amma tsiraru ne. Da yawa cikin sauran sai su ce ka yi shekara 3 a wurinsu, 2 a jami'a irin Columbia. A takarda abin ya yi kyau. Matsalar: shekara 5 ce ba 4 ba, sai ka riƙe makin da aka gindaya, kuma tallafin da kwalejin ta ba ka ba lallai ya bi ka can ba. Da yawa nan suke tsayawa.

Dakta: Ina tare da Injiniya a kan kayan aiki, manyan ɗakunan bincike na manyan jami'o'i ne. To amma wa ke taɓa na'urar? Inda masu digiri na uku suka cika, ɗan aji biyu wanke kwalabe zai fara. A kwalejin da babu su, dole farfesa ya ja shi cikin aikin, kuma shi ne zai rubuta masa wasiƙar shaida mai nama, ba ta "ya ci darasina" ba. Wanda ke babbar jami'a ya riƙa zuwa ofishin farfesa a sa'o'in ganawa tun makon farko, in ba haka ba har ya gama ba a san sunansa ba.

Hajiya mai ba da shawara: Kada a manta aljihu. Kwalejin Amherst ba ta duba talaucin ɗalibin waje wajen ɗauka, kuma tana cike giɓin da fom ɗin neman tallafin karatu na CSS ya nuna. Kwalejin Berea a jihar Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu, amma kowa sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako. Jami'o'in jihohi kuwa farashin baƙo suke caji, tallafinsu ga ɗan waje kaɗan ne.

Injiniya: Hajiya, a ƙara da izinin aiki bayan kammalawa. Kowa wata 12 ne, mai digirin kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi ana ƙara masa 24. Lambar kwas da ke kan takardar I-20, wadda makaranta ke bai wa ɗalibin waje don neman biza, ake dubawa, ba sunan makaranta ba, don haka a tambaye ta kafin a zaɓi fanni a ƙarshen aji biyu.