Ina asalin "tele" da ke farkon wasu kalmomin Turanci?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare 'yata 'yar aji biyar tana aikin gida a kan tabarma, ta tsare ni da tambaya: me ya haɗa telephone, television da telescope har duk suka fara da "tele"? Na ce mata sai gobe, don ban da amsa. Malamai, a taimaka.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Daga Girkanci aka aro shi, ma'anarsa "nesa". Phone sauti ne, kin ga ya zama sauti daga nesa. Scope kuma dubawa. A 1611 aka raɗa wa na'urar hangen nesa ta Galileo, masanin taurari, sunan telescope a Italiya. Ita television ruwa biyu ce, kanta Girkanci, gangar jikinta Latin.

Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ashe da kakana ke cewa "wayar tangaraho", telegraph yake nufi, rubutu daga nesa! Tarho da talabijin ma daga nan suke, bakinmu ne ya tauna su.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai. Yanzu kuma wai sai na faɗa mata dalilin da rediyo ba shi da "tele".