Yaro zai fara tsaron baya a hokin ƙanƙara, wa zai riƙa kallo?

Baban Sadik: Salamu alaikum 'yan zaure. Koci ya mayar da yarona ɗan baya. Bidiyon wa zan sa masa ya koya?

Na Winifeg: Bobby Orr, magana ta ƙare. Kyautar Norris, ta gwarzon ɗan baya a NHL, babbar gasar hokin Amurka da Kanada, takwas a jere.

Maman Hanif: Na Winifeg, tsaya tukuna, ni ce wadda ta ɗanɗana. Bara muka zaunar da Hanif ya yi ta kallon Orr, yadda yake ɗauko ƙwallo daga bayan raga ya ratsa mutum biyar. Ranar wasa yaro ya bar gidansa ya tsere gaba, sau uku ana zura musu ta gurbinsa. Ya ƙare a benci, kuka har mota. Orr ai ba abin kwaikwayo ba ne, mutumin da ya tara maki 139 a kakar 1970-71, kuma shi kaɗai ne ɗan baya da ya taɓa fin kowa maki a NHL, har sau biyu. Sannan ku duba gwiwarsa ta hagu, tiyata kan tiyata, a 1978 ya ajiye wasa yana da shekara 30. Ku sa masa Nicklas Lidström. Ba gaggawa, ba karo, sanda kullum tana inda ya kamata. Kaka 20 a Ditiroyit.

Na Winifeg: Hajiya, Norris bakwai gare shi, namu takwas.

Maman Hanif: Kofin Stanley, na zakarun NHL, huɗu gare shi. Naku biyu.

Kawu Direba: Wato Roberto Carlos da Maldini ke nan.

Ɗan Arsenal: Kawu, kar ka jawo mana nan don Allah, makon nan ba mu da lafiya.

Malamin Lissafi: Ni Ray Bourque ne ke ba ni tausayi. Shekara ashirin da ɗoriya a Boston babu kofi, sai da ya koma Kolorado ya ɗaga a 2001.

Na Winifeg: Duk da haka a nuna masa ƙwallon 1970 a ragar St. Louis, da Orr ya tashi sama hannuwa a miƙe.

Baban Sadik: To, na gode. Wa ke da tsohon takalmin ƙanƙara lamba huɗu?

Kawu Direba: Lambar Orr ma ke nan 😂