Shin Sai da Uwa a Gindin Murhu Ake Samun Kwangilar Gwamnati?

Alhaji mai kayan gini: Ni a ganina, ɗan kasuwar da ba shi da uwa a gindin murhu asarar kuɗinsa kawai yake yi idan ya nemi kwangilar gwamnati. Sau uku ina neman aiki a wata ma'aikatar tarayya, na haɗa shaidar biyan haraji ta shekara uku da takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, amma kowane karo kamfanin da ko shago ba shi da shi ne yake ɗauke aikin.

Malam tsohon ma'aikaci: Alhaji, ban musanta abin da ya same ka ba, sai dai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta wajabta a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a. Ta kuma ba ka kwana 15 na aiki ka kai kuka ga shugaban ma'aikatar, daga nan BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Ka bi wannan hanyar?

Alhaji: Ranka ya daɗe, ina zaune aka karanta farashi, nawa ne mafi ƙasa. Bayan mako biyu aka ce wai shafi ɗaya babu hatimin kamfanina. Ban kai ƙara ba, domin wanda ya kai ƙarar ma'aikata yau, da wace fuska zai koma neman aikinta baɗi?

Hajiya mai ɗinki: Ku gafarce ni, ni ban san kowa ba, kuma na sami aikin ɗinka kayan ma'aikata, saboda haka ban yarda cewa ƙofar a kulle take ba. Abin da ya kusa durƙusar da ni shi ne biyan kuɗin. Doka ta ce idan aka wuce kwana 60 ba a biya ba, sai a ɗora ruwa a kai, amma wata tara na yi ina sintiri a ofishin akanta, teloli suna jiran haƙƙinsu, mai yadi a Kantin Kwari yana kirana safe da yamma, kuma ko sisi ba a ƙara mini ba.

Malam: Hajiya, a nan kam ba ni da ta cewa. An ɗaga kuɗin somin aiki daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin ɗari a dokar kuɗi ta 2020. An ba ki?

Hajiya: Sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora ake bayarwa, Malam, bankin kuma takardar gida ya nema, ni kuwa gidan haya nake.